Wuski ya yi kwantai a Turai da Amurka: muhawara daga Zauren 'Yan Kasuwa

Abba Gilasgo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun kafin wani ya ɗauko dutse: ban sha ba, ban sayar ba, ban yi dakonsa ba. Ni akanta ne, kuma a Sikotlan inda nake zaune ba yadda za a yi ka buɗe littafin kuɗin ƙasar ka tsallake wuski, giyar nan mai ƙarfi, kamar ka ce za ka ba da tarihin kasuwancin Kano babu gyaɗa babu ƙiraga.

Ga abin da ya sa na kawo maganar. A 2022 sun fitar da wuski na fam biliyan 6.2 zuwa ƙasashen waje, ba su taɓa kaiwa haka ba. A 2023 ya sauko 5.6, a 2024 ya koma 5.4. Alƙaluman ƙungiyarsu ne, Scotch Whisky Association. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a 2024 ɗin yawan kwalaben da suka fita ƙaruwa ya yi, wajen biliyan 1.4, amma kuɗin ya ragu. Wato masu saye sun sauko daga mai tsada sun koma mai araha. Alhali shekara da shekaru dabarar kamfanonin nan guda ce: mutum ya sha kaɗan, amma ya sha mai tsada. Yanzu wannan tsanin da suka kafa, mutane sun juyo suna sauka ta kansa. Ina son mu duba inda suka yi kuskure, don na ga kuskuren ya yi kama da namu.

Malam Na-Gwale:
Wa alaikumus salam. Abba ɗana, duk kayan da Allah ya halatta a bayan ƙasa ka rasa wanda za ka kawo mana sai uwar laifuka? Ka san hadisin da aka la'anci mutum goma a kan giya, har da mai ɗaukarta da mai cin kuɗinta. In kasuwarta ta faɗi, alhamdu lillahi. Allah ya sa ta faɗi ba tashi. Me ya rage a tattauna?

Shugaban Zaure:
Allah gafarta Malam, mun ji kuma mun karɓa. Amma likita ma cuta yake karantawa, ba don yana son ta ba. Za mu bar maganar bisa sharaɗi: ba hoton kwalba, ba yabon kaya. Lissafi kawai. Ci gaba, Abba.

Abba Gilasgo:
Na gode Shugaba. Malam, a yi mini afuwa, in na kauce a ja kunnena.

Wahalar sana'arsu ita ce lokaci. Dokarsu ta ce ba a kiran abu wuskin Sikotlan sai ya yi aƙalla shekara 3 a gangar katako a cikin ƙasar. In ka ga an rubuta 12 a jikin kwalba, to mafi ƙuruciyar abin da ke ciki ya shekara 12. Ke nan abin da za su sayar bana, tun shekara 12 da suka wuce aka yi cacar za a neme shi. Ka sayi sha'ir, ka biya ma'aikata, ka sayi ganga, ka gina sito, sannan ka zauna jira, kuɗinka a kwance. Kuma duk shekara kusan kashi 2 cikin 100 na abin da ke cikin gangar yana bin iska. Su suna kiran wannan asarar rabon mala'iku.

Yanzu haka akwai ganga wajen miliyan 22 a ajiye a ƙasar da mutanenta suke wajen miliyan 5 da rabi. Kowane ɗan ƙasa ganga huɗu ke nan, har jariri.

Malam Na-Gwale:
A'uzu billahi. Mala'iku sun barranta daga wannan rabo. Su nemi masu shi.

Ɗan Dawanau:
Hahaha, Malam ya gama magana. Amma Abba, wannan ai ajiya ce irin tamu, bambancin kawai tasu ta fi daɗewa. Ni nan a 2024 na ga masara tana ta hawa kamar ba za ta tsaya ba, na cika sito biyu, har da kuɗin mutane. Gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da abinci ba haraji, kaka ta zo da albarka, a 2025 buhun da na saya rabin kuɗinsa ma da ƙyar. Ga ƙwari, ga hayar sito. Ni wata takwas na riƙe har na kusa zarewa, ina ga mai shekara 12?

Abba Gilasgo:
Alhaji, ka taɓo inda ke ciwo. Su korona ce ta ruɗe su. Lokacin kulle mutane suna gida, ba tafiye-tafiye, ba zuwa gidan abinci, gwamnatocinsu kuma suna ba su tallafi. Kuɗin da ba su kashe a waje ba sai suka zuba shi a kwalabe masu tsada. Kamfanoni suka ɗauka duniya ce ta canja har abada, aka shiga faɗaɗa masana'antu, sababbi na ta buɗewa har suka haura 150. Daga nan tsadar rayuwa ta shigo, bankuna suka ɗaga kuɗin ruwa, mai biyan bashin gida ya ga kwalbar fam 60 ba dole ba ce.

Abin dariyar, sun taɓa faɗawa wannan ramin. A shekarun 1980 sun yi kayan da ya fi ƙarfin kasuwa har ake kiransa tafkin wuski, a 1983 aka rufe masana'antu da dama, ciki har da Port Ellen da Brora. Shekaru suka ja, ragowar gangunan waɗannan biyun suka zama zinariya wajen masu tara kayan tarihi, sai kamfanin Diageo ya zuba miliyoyi ya sake buɗe su, Brora a 2021, Port Ellen a 2024. Wato ana yanka zaren buɗewa, kasuwa tana juya baya.

Ladi Jos:
Barkanku da yamma. Malam, da girmamawa, ni ma ba na sha, a cocinmu ma ba a yarda ba. Amma shekara 9 ina aikin talla a Legas, kuma akwai abin da Abba bai faɗa ba wanda ya shafi kowane mai kamfani a zauren nan, ko sabulu kake yi.

Kaya ya bar kamfani daban, kaya ya shiga hannun mai amfani da shi daban. Kamfani yana ɗora wa dila kaya ya rubuta a littafinsa ya yi ciniki, a tafa wa manaja, a ba shi ladan ƙwazo. Alhali kayan yana nan jibge a siton dila. Haka ta faru da Diageo, masu wuskin Johnnie Walker, a Kudancin Amurka da tsibiran Karebiyan. Diloli da kantuna sun cika maƙil, mashaya sun ja baya, uwar kamfani a Landan ba ta ankara ba. A Nuwamban 2023 suka fito suka ce ribarsu za ta ragu, rana ɗaya hannun jarinsu ya zube da sama da kashi 10 cikin 100. Shugabar kamfanin, Debra Crew, ba ta ƙara samun sukuni ba har ta bar kujerar a Yulin 2025. Wanda aka ɗauko ya gaje ta, Dave Lewis, tsohon shugaban kantunan Tesco ne, mutumin da ya san abin da ke fita daga kanta da abin da ke kwana a kai.

Hajiya Mai Zoɓo:
Ladi ƙanwata, wallahi kamar da ni kike. Ina kai wa shaguna zoɓo da kunun aya a Kaduna, in dawo gida ina murna na sauke katan 30. Bayan kwana uku a kira ni a ce in zo in kwashe rabi, ya yi tsami. Tun daga nan na daina ƙirga abin da na sauke, sai abin da aka biya.

To amma su da suke da kuɗin talla kamar ƙasa, me ya hana su tallata shi ya tafi?

Ladi Jos:
Hajiya, talla tana iya sa mutum ya bar kayan wani ya ɗauki naki. Abin da ke mata wuya shi ne ta sa wanda ba ya ra'ayin abu gaba ɗaya ya fara. Matsalarsu ke nan.

Sun shafe shekaru suna sayar da hoto guda: dattijo mai kuɗi a kujerar fata, ya ci nasara a rayuwa, yana kurɓa a natse. Tallar nan ta Johnnie Walker mai cewa a ci gaba da tafiya, tun 1999 take, kuma ta yi musu aiki sosai a Afirka da Asiya, inda kwalbar ta zama shaidar cewa ka fita daga talauci. Amma yaro ɗan shekara 25 a Landan ko Niyok yana kallonsa a matsayin abin shan babansa. Waɗanda suke sha a cikinsu sun karkata ga giyar takila ta Meziko da haɗe-haɗen gwangwani masu zaƙi. Diageo sun hango haka, shi ya sa a 2017 suka sayi Casamigos, kamfanin takilar da ɗan fim George Clooney ya kafa da abokansa, a kan kuɗin da zai iya kai dala biliyan 1. Wato da hannun dama suna tallan wuski, da hagu suna sayar da abin da ke cinye kasuwarsa.

Ga kuma takunkumi. Faransa tun 1991 ta hana tallan giya a talabijin da ɗaukar nauyin wasanni. A Indiya an hana, sai su buga sunan a jikin ruwan soda ko faifan kiɗa su tallata wannan, mai ganewa ya gane. A nan gida sai hukumar kula da talla, ARCON, ta tantance kafin talla ta fita. Intanet ɗin da matasa suke, can ma dole ka nuna ba ƙananan yara kake yi wa ba.

Dakta Zainab:
Ladi, na yarda da ke, sai dai ina ganin abin ya wuce hoto. Cibiyar Gallup tun 1939 take tambayar Amurkawa ko suna shan giya. A 2025 kashi 54 cikin 100 ne suka ce e, ba a taɓa samun ƙasa da haka ba. A da har likitoci suna cewa kofi ɗaya yana gyara zuciya. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi da za a kira marar illa. A Janairun 2025 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya nemi a rubuta gargaɗin cutar daji a jikin kwalabe. Sai kuma alluran rage ƙiba irin su Ozempic da Wegovy, da yawa daga masu yin su suna cewa sha'awar giyar ma ta tafi tare da ta abinci. Wace talla ce za ta ja da wannan?

Malam Na-Gwale:
Allahu akbar. Abin da aka gaya mana shekara 1400 da suka wuce, sai yanzu bincikensu ya iso.

Dakta Zainab:
Haka ne Malam, amma kada mu yi saurin guɗa. Barin kwalba ba shi ne barin maye ba. A jihohin Amurka da yawa an halatta wiwi, har lemon gwangwani ake yi da sinadarinta, wasu can suka koma. Mu ma a nan yaranmu ba wuski ne ya lalata su ba, ina suka ga kuɗinsa? Kodin ne da tiramol. Sai da aka yi abin kunya a idon duniya a 2018 kafin gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Ina asibiti, ina ganin abin da ya biyo baya.

Ladi Jos:
Dakta, ni fa har yanzu ina ganin aljihu ne ya fi yawa a ciki, ba tuba ba. Ki duba maganar Abba ta farko: kwalabe sun ƙaru, kuɗi ya ragu. Wanda ya tuba ba ya komawa mai araha, dainawa yake. Matashin da hayar ɗaki ta cinye masa rabin albashi zai ce miki lafiyarsa yake kiyayewa, ya fi daɗin faɗa a kan ya ce ba shi da shi. A bari kuɗi ya dawo hannunsu mu gani.

Dakta Zainab:
To su kamfanonin da suka fi ki sanin littafinsu me ya sa suke rige-rigen yin giya marar maye? Heineken 0.0, Guinness 0.0, har Diageo ta sayi mafi yawan hannun jarin Seedlip, mai yin abin sha marar maye, a 2019. Mai tsammanin ruwa zai dawo ba ya sayar da kwalekwalensa ya sayi jaki.

Ladi Jos:
Ba su sayar da kwalekwalen ba, Dakta, jakin suka ƙara. Amma na ba ki rabin maki.

Sani Tirela:
Ni direban babbar mota ne a nan Kanada, bari in ba ku na ido. Da Trump ya ɗora mana haraji a Maris na 2025, lardin Ontariyo da wasu suka ce a kwashe duk giyar Amurka daga kantuna. Da yake a nan hukumar lardi ce ke sarin giya, rana ɗaya aka share kantocin. Shugaban kamfanin Amurka da ke yin wuskin Jack Daniel's da bakinsa ya ce wannan ya fi haraji muni, don haraji tsada yake sawa, wannan kuwa kayanka ne ba a gani sam. Kafin nan ma a Janairu sun sallami kashi 12 cikin 100 na ma'aikatansu, sun rufe wurin ƙera gangunansu na birnin Luwibil. Abokan aikina da ke shiga jihar Kentaki sun ce ko'ina sito ne baƙi ƙirin kamar gidan yari. Ganga sama da miliyan 16 ke kwance a jihar, har kamfanin wuski na Jim Beam ya ce zai dakatar da dafawa a babbar masana'antarsa tsawon 2026.

Abba Gilasgo:
Sannu da hanya Sani, Allah ya tsare. Masu wuskin nan Sikotlan ma harajin ya taɓa su. Daga 2019 zuwa 2021 Amurka ta ɗora musu kashi 25 a kan rigimar da ba tasu ba, ta jiragen Boeing da Airbus, suka ce sun yi asarar sama da fam miliyan 600. A Afrilun 2025 aka sake ɗora kashi 10. Kuma Amurka ce kasuwarsu mafi kawo kuɗi. Sin da suka sa wa rai, tattalin arzikinta ya yi sanyi, gwamnati kuma ta matsa wa jami'ai a kan shagalin liyafa.

Yanzu duk idonsu yana kan Indiya. A 2024 ita ta fi kowa sayen yawan kwalabe, miliyan 192, duk da harajin kashi 150. Yarjejeniyar da suka sa wa hannu da Birtaniya a Yulin 2025 za ta mai da shi 75, daga baya 40 cikin shekara 10. Amma Indiyawan ma ba barci suke ba, suna yin nasu irin su Amrut da Indri. Ni dai ina ganin kallon kitse suke yi wa rogo, don yawancin abin da ke tafiya can mai araha ne, na haɗawa da na gida.

Bala Maraɗi:
Ni duk lissafin nan ya wuce kaina. Tambayata guda: mu ina ruwanmu? Kura ta ci kura.

Ladi Jos:
Malam Bala, ruwanku yana ciki tsundum. A Yunin 2024 Diageo ta sanar da sayar da kasonta na kashi 58 a Guinness Nigeria ga Tolaram, a kan naira biliyan 103 da ɗoriya. Tolaram ɗin nan su ne masu Indomie. Faɗuwar naira ce ta kore su: ka sayar da naira, ka biya bashi da dala. Nigerian Breweries, mai yin giya, ita ma ta yi asarar naira biliyan 106 a 2023, a 2024 ta dakatar da masana'antu biyu cikin tara. Amma ku lura, Diageo ta saki giyar talaka, ta riƙe harkar su Johnnie Walker a hannunta, don masu fasa kwalba a kulob na Legas da Abuja ba su san ana tsada ba.

Kuma Maltina, Amstel Malta, Fayrouz, Malta Guinness, duk daga gidajen nan suke fitowa. Arewa babbar kasuwarsu ce, ba biki ba suna ba buɗe-baki da ba a ajiye katan.

Hajiya Mai Zoɓo:
Innalillahi. Masu Indomie? Ni da nake dafa wa jikokina kullum! To ku ji, duk mai biki ya zo ya sayi zoɓona, ba ni da wani reshe a bayan gida.

Ɗan Dawanau:
Hajiya ta samu talla kyauta. Amma ni maganar Ladi ta sa jikina ya yi sanyi, don akwai abin da muka sani a kasuwa ba ma son faɗa. Tun 1988 da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, kamfanonin nan suka koma dawa. Daga ina dawar take zuwa? Daga gonakinmu. Wakili zai zo Dawanau ya ce yana son kaura ko farafara tirela kaza, busasshiya, ba tsakuwa, ya biya lakadan. Ba ya cewa ga inda za ta, mu ma ba ma tambaya. Wata ta tafi abincin kaji, wata lemon malt, wata kuma Allah masani. Duk shekarar da suka ja baya da saye, mu muke fara ji a farashi.

Allah gafarta Malam, mene ne matsayinmu?

Malam Na-Gwale:
Alhaji, ka ga yanzu aka zo wurin da ya kamata a fara. Malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan sayar da inabi ga wanda ka san giya zai matsa da shi, sun ce bai halatta ba. Dawa ma haka take. In ka kai kayanka kasuwa wanda ba ka sani ba ya saya, ba a ɗora maka bin sawunsa ba. In kuwa ka sani, ko alamu sun yi ƙarfi har zuciyarka ta gaya maka, to kau da kai ba ya wanke ka. Shi lemon malt, in babu maye a cikinsa, shansa halal ne, ko da wasu malamai suna ƙyamar ƙarfafa gidan da ya fito.

Abba, na janye rabin faɗan da na yi maka. Rabi kawai.

Abba Gilasgo:
Na karɓi rabin da hannu biyu, Malam. Manoman sha'ir na nan ma irin kukan Alhaji suke, masu dafawa sun rage saye, wanda ya shuka don su ya rasa inda zai kai sai abincin dabbobi a farashin banza.

Ɗan Dawanau:
To Malam, ga wata. Wakilin da nake magana ya kira ni shekaranjiya yana son kaura tirela biyu, kuma farashinsa ya fi na kasuwa. Kamfanin da yake yi wa saye suna yin lemon malt, suna yin ɗayan, a tukunya daban amma gida ɗaya. Ni kuma bashin masarar nan yana wuyana, masu kuɗi har gida suke zuwa. Na ce masa ya ba ni zuwa Alhamis.

Malam Na-Gwale:
Wannan ba ta zaure ba ce. Ka same ni bayan la'asar gobe, ka zo da takardar da ya ba ka in akwai, mu ga sunan wanda aka rubuta a kai.

Ɗan Dawanau:
In sha Allahu. Ba takarda, Malam, da baki muke yi. Amma ina da lambar direban da ya kai ta bara, zan tambaye shi a wace ƙofa ya sauke.